Masu Rawayan Baki

Litinin, 19 ga Mayu

Oga ya kira ni tun ban ajiye jaka ba. Jirgin feshi ya sauka a yankinmu, mako guda zai yi, kuma ganga ɗaya tak ta magani aka ware mana. Tashi ɗaya, wuri ɗaya. Shekara tara ina aikin duba tsuntsaye a ofishin nan na kare amfanin gona, amma sai da ya maimaita min dokar kamar baƙuwa: in nemo inda jan-baki ke kwana, in rubuta a fom, in sa hannu, sannan jirgi ya tashi.

"Ai kowa ya san makwancinsu," in ji shi. "Kyauron nan na ƙarshen hanyar ruwa. Ki leƙa don cika ƙa'ida, ki dawo ki sa hannu."

Kowa ya sani. To me ya hana a miƙa wa kowa biron?

Gonar Yaya na cikin na kusa da kyauron, shinkafarsa kuma ta fara madara, daidai lokacin da tsuntsu ya fi so. Daga ita gidansa ke ci, daga ita Inna ke ci. Na jefa fom a aljihun tebur, na rufe, na sake buɗewa na tura shi ƙarƙashin fayil. Na kasa zama wuri ɗaya. Har tagogin ofis na goge, aikin da ba nawa ba.

Talata, 20 ga Mayu

Da yamma ni da Direba mun je kyauron. Suna ta shigowa rukuni-rukuni, kukansu har cikin haƙorana. Na ɗaga madubin hange: ƙananan tsuntsaye launin ƙasa, bayansu da zane-zane, kowanne bakinsa ja zur.

"Ga su nan, Malama, ko makaho ya gani," in ji Direba.

Na sauke madubin.

Haka na gan su shekara uku da suka wuce, a wata fadamar. Rana na faɗuwa a bayana, jan haskenta ya rina musu baki, na sa hannu a kan bonet ɗin mota ina jin kaina gwana. Jirgi ya yi feshi, washegari muka je kwasa. Na sunkuya na ɗauki ɗaya, bakinsa launin ƙaho. Na ɗauki na biyu, na goma, na hamsin. Mulufi ne. Da rani namijin mulufi yakan zubar da jar rigarsa ya koma kamar matarsa, su biyun kuma su koma kamar jan-baki in an hango daga nesa. Buhu-buhu muka kwashe, har da balbelu guda tara da suka ci gawar. Jan-bakin gaskiya suna can wani wuri, suka cinye gonakin duk da haka. A ofis babu wanda ya ce min uffan, yabo ma aka yi min a rahoton shekara. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Tsohon da ya koya min aikin nan, Allah ya ji ƙansa, ya sha hana ni raɗa wa tsuntsu suna bayan la'asar. Rana ɗaya na saɓa.

Tun daga lokacin na yi wa kaina alkawari: sai na ga jan baki da hasken safiya, tsuntsun na tafin hannuna, zan sa hannu. Na ce wa Direba ya zo da raga da sassafe. Ya yi tsaki a hankali, yana zaton ban ji ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Raga ta kama goma sha ɗaya a bakin kyauro. Mulufi tara, marai biyu, jan-baki ko ɗaya babu.

Na juya kowanne a hannu. Mulufi: baki launin ƙaho, gira mai haske, wutsiya guntuwa kamar an datse da almakashi. Macen marai, tsuntsun nan mai saƙa sheƙa, ta ɗan fi shi girma, maƙogwaronta rawaya-rawaya, bakinta ya fi tsawo, ga cizo. Ɗaya ta kama min fatar yatsa ta ƙi saki har Direba ya yi ta dariya.

Na sake su duka. Daɗin da na ji sai Allah. Na dawo ina waƙa a mota, abin da rabona da shi na manta.

Alhamis, 22 ga Mayu

Da safe na je gonar Yaya. Yana kan rumfar tsaro, ya ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa ya rataya gwangwanaye, muryarsa ta dushe da ihu. Matarsa na can ɗaya gefen da majajjawa. Idonsa ya yi ja, tun asuba yake tsaye.

Ya tsinko zangarniya ya miƙo min. Rabin ƙwayoyin an matse madararsu, sai farin ɓawo.

"Auta, yaushe jirgin naku zai tashi?"

Na ce masa na kyauron ba su ba ne.

"To su wa ke cin wannan? Aljanu?"

Na ce akwai jan-baki a gonar, na gan su da idona, amma ba a kyauro suke kwana ba. In aka zuba maganin a can an yi asararsa, kuma babu wata gangar.

"Ni tsuntsu duk tsuntsu ne a wurina," ya ce. "Ke kika yi karatunsu. Ni dai na san ba ɗanɗanawa suke zuwa yi ba."

Ya ja igiya, gwangwanaye suka ɗauki ƙara, tsuntsayen suka tashi suka sauka taku goma gaba.

Da rana muka zagaya neman makwanci. Gabas babu, hanyar kwalta babu. A bayan tsohon gidan bulo akwai kududdufi da sarƙaƙiya mai faɗi, muka tsaya shan inuwa. Tsuntsaye na sauka shan ruwa, da yawa, da yawa sosai. Na ɗaga madubi, ga rana tsaka, babu batun jan haske. Waɗanda ke bakin ruwa ta gefena duk bakinsu rawaya ne.

"Marai," na ce, na rubuta.

"Marai na tashi haka kamar hayaƙi?" in ji Direba.

Na ce masa ya kula da sitiyarinsa, ni in kula da madubina. Ban sake dubawa ba. Na ce mu tafi, zafi ya yi yawa.

Akwai abin da ke min kai-kawo a rai game da wurin nan. Ba yau ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Oga ya tsare ni a baranda. Yankin da ke maƙwabtaka da mu sun samo nasu makwancin, suna roƙon a sakar musu jirgi tun da mu muna ta jan ƙafa.

"Ko ki ba ni kyauro, ko ki ba ni wani wuri, ko ki rubuta babu. Ɗaya cikin ukun, kafin a tashi aiki."

Na zauna da fom a gabana awa biyu. Na tashi na sha ruwa, na dawo. Na fere fensir uku da ba na bukata. Na leƙa taga ina kallon gwara biyu suna faɗa a kan ɓawon gyaɗa. Su dai babu mai tambayar sunansu.

Na rubuta: Ba a samu makwancin jan-baki ba. Na sa hannu.

Gaskiya na rubuta, ko ba haka ba? Kyauron mulufi ne, ina da shaida.

Da na ji rurin jirgin ya wuce ta saman ofis sai kafaɗuna suka sauka. Na ji sanyi a raina, bari in rubuta tun da babu mai karantawa. Bana ba zan kwashi gawa a buhu ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Inna ta ƙi kallona da na je gaishe ta. Tana tsintar wake a faranti, ta ce wa farantin, "Wai an ce jirgi ya tafi."

Na ce eh, Inna.

"To."

Shi ke nan. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na dawo gida na wanke kayan da na riga na wanke. Na jera littattafai, na rushe, na sake jerawa. A ƙasan kwali na ci karo da littafin aikin Tsoho, wanda ya bar min, mai bangon da ya sha gumi. Ban buɗe ba. Na san shafin, na san har zanen da ke gefensa. Na mayar da shi ƙasan kwali na ɗora takalma a kai.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na buga wa Direba waya gari bai gama wayewa ba. Ranar hutunsa ce, amma ko tambaya bai yi ba, sai cewa ya yi, "Gidan bulo?" Na ce gidan bulo.

Tun kafin mu isa na ji warin. Ƙasan sarƙaƙiyar fari fat da kashin tsuntsu, ƙananan rassa sun karye saboda nauyin masu kwana. Ranar Alhamis a nan muka tsaya, taku ashirin daga wannan, na zaɓi in kalli ruwa.

Suka tashi. Na gaba su sauka, na baya su tsallake su su sauka gabansu, haka suke naɗowa kamar ana naɗe tabarma. Marai ba ya haka. Mulufi ba ya haka. Ɗalibin wata uku ya san wannan.

Raga ta cika cikin minti biyar. Ta farko da na cire bakinta rawaya ne, mai kauri, guntu. Na ɗaga ta kusa da fuskata. Siririn jan zobe kewaye da ido. Ƙafa ja-ja. Kai mai zane, ba ruwanta da launin marai. Na uku namiji ne, bakinsa ja kamar barkono, fuskarsa ta fara baƙi.

Macen jan-baki, idan damina ta matso tana shirin ƙwai, bakinta rawaya yake komawa. Tsoho ya faɗa min a shekarata ta farko, ya zana a littafi, ya sa na zana a nawa. Ya ce in riƙa kallon tsuntsun gaba ɗayansa, ido da ƙafa da tashi da wurin kwana, kada in tsaya a baki. Ban manta ba. Wallahi ban manta ba. Ranar Alhamis da na ga rawayan nan maganarsa ta faɗo min, na danne ta da sauri, don na samu abin da nake so: bakin da ba ja ba.

Wancan karon na kalli baki kaɗai na kashe marasa laifi. Wannan karon na kalli baki kaɗai na sallami jirgi. Shekara uku ina zaton na koyi darasi, ashe kuskuren nan ɗaya na juya wa riga.

Na zauna a kan karyayyen bulo, tsuntsuwar na hannuna, zuciyarta na bugawa a yatsuna. Ko nauyin kwalin ashana biyu ba ta kai ba.

Direba ya juya baya yana naɗe raga. Na gode masa da bai ce komai ba.

Oga ya ɗauki waya a bugu na huɗu. An zuba maganin jiya a can yankin. Babu wata ganga sai wata mai zuwa.

Litinin, 26 ga Mayu

Na rubuta takardar neman a mayar da ni ɗakin ajiyar iri. Can buhu buhu ne, an rubuta sunansa a jikinsa. Oga ya fita taro, na ninke ta na sa a cikin littafin nan. Na ɗauki hutun sati biyu.

Talata, 27 ga Mayu

Na isa gonar kafin tsuntsaye su iso. Yaya ya gan ni da tsohuwar riga da takalmin roba, ya ɗaga gira.

"Yau kuma ƙidaya aka zo yi?"

Na ce igiya na zo ja. Matarsa ta miƙo min nata gefen ba musu, ta tafi gida ta huta, kwana tara rabonta da zaman minti goma.

Ban san aikin nan haka yake ba. Ka kore su nan su sauka can, ka ruga can su dawo nan. Kafin hantsi tafin hannuna ya tashi, muryata ta tafi. Na faɗa taɓo sau biyu, Yaya ya yi kamar bai gani ba, amma na hango kafaɗarsa na rawa.

Da rana ta take suka lafa, muka zauna ƙarƙashin rumfa. Na faɗa masa duka. Ba yadda na faɗa wa Oga ba. Na ce na gan su tun Alhamis, jirgi na nan a ƙasa, na san ko su wane ne na ƙi sani. Na ba shi labarin mulufi da balbelu tara, wanda ban taɓa ba kowa a gida ba.

Ya daɗe yana ɓare busasshen taɓo daga ƙafarsa.

"Wato tsuntsaye kika tausaya wa."

Na ce a'a, Yaya, kaina na tausaya wa.

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙe ya ce, "Tashi, sun dawo ta gefenki."

Alhamis, 29 ga Mayu

Hannu ya fashe. Biro da ƙyar.

Asabar, 31 ga Mayu

Na nuna wa manoma sarƙaƙiyar. Kusan su talatin suka je da yamma da raga da garewani da gwangwanaye, suka hana su sauka har duhu ya fara. Kwana uku ke nan ana yi. Sun ragu, ko kuma ni ce nake son su ragu. Na daina yarda da idona a kan abin da nake so.

Wani ya kawo shawarar a je a cinna wa kyauro wuta shi ma. Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Ku bar kyauro. Ba su ba ne." Ko kallona bai yi ba.

Ƙafata ba ta zauna ba tun Talata, amma wannan rashin zaman daban ne da na makon jiya. Wannan ina isa gida nake yin barci.

Laraba, 4 ga Yuni

Ruwan farko ya sauka jiya, mai ƙarfi. Yau sun ragu sosai. In ruwa ya ci gaba, irin ciyawar da suke tsinta a ƙasa zai tsiro, su bi gaba neman inda bai tsiro ba. Da ya sauko kwana goma da suka wuce... To. Bai sauko ba.

A bakin kyauro na hangi mulufi ɗaya ya fara fitar da ja a wuya, dabbare-dabbare, kamar wanda aka watsa wa fenti. Nan da wata guda ko jariri ba zai haɗa shi da kowa ba. Na tsaya kallonsa har igiya ta zame daga hannuna.

Talata, 10 ga Yuni

An gama yanka. Abin da Yaya ya samu ya ɗan haura rabin na bara. Ba zan ƙawata shi ba: rabi ya tafi, kuma na san kwanakin da ya tafi a cikinsu. Inna ta leƙa buhunan ta ce Allah ya sa albarka, sannan ta kama hannuna ta juya tana duban inda ya fashe, ta ce in riƙa shafa mai.

Da yamma muna kwance igiyoyi, Yaya ya zo ya tsaya a kaina yana sosa ƙeya.

"Auta. Wannan mai rawayan bakin. Yaya ake gane ta?"

Na ɗauka gori zai yi min. Na duba fuskarsa, da gaske yake.

"Badi ba zan zauna jiran jirgi ba," ya ce. "In na san inda suke kwana tun da wuri, mu talatin mun isa. Amma ba na son in je in tayar wa bayin Allah da hankali a banza. Zana min."

Na laluba jaka, babu takarda sai wadda ke ninke cikin littafin nan. Na juya bayanta na ɗora a gwiwa. Na zana kai uku a jere: mulufi, marai, macen jan-baki. Ya sunkuyo yana numfashi a kafaɗata kamar lokacin da yake duba min aikin makaranta.

Ya ɗora yatsa a kan ta ukun. "Wannan ce ta cinye ni."

"Ni ce na cinye ka, Yaya."

Ya ƙwanƙwasa takardar da farce.

"Kin tsaya a baki kuma. Ina ƙafar? Ina zoben idon da kika ce?"

Na zana ƙafar. Na zana zoben. Na zana yadda suke naɗowa in sun tashi, da ɗigo-ɗigo, ya ce wannan ya fi kama da ƙudan zuma, na ce to ya karɓa ya yi nasa. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, bai duba abin da ke rubuce a ɗaya gefen ba.

Ba wai na fasa neman komawa ɗakin ajiyar iri ba ne. Ita ce takardar da ke kusa, shi ke nan. Ina iya rubuta wata ko yaushe.

Na fito da littafin Tsoho daga ƙasan kwali, na kaɗe ƙurar takalma na sa a jaka. Na ce wa Direba ya zo da raga ranar Alhamis da sassafe, akwai wata fadama ta yamma da ban taɓa dubawa da kyau ba.